Ƙanwata, katin tarot da maganar maciji

Tun bayan ƙaramar sallah nake ta juya maganar nan a raina, in ce zan rubuta sai in fasa, sabida abu ne na cikin gida kuma bana son ya zama tonon silili. Amma shekaranjiya na sake ganin irin bidiyon nan na duba da katin tarot, kati masu hotuna da ake cewa suna faɗin gobe, a wayar wata ɗalibata, sai na ce a'a gara dai in faɗa, kuma sai da na nemi izinin mai abun kafin in ɗauki waya.

Ƙanwata ce, ɗiyar goggona, amma a ɗakin Innarmu ta tashi nan Daura tun tana 'yar shekara huɗu, dan haka ni ban taɓa raba ta da waɗanda muka fito ciki ɗaya ba. An sa ranar aurenta aka ɗaga, aka sake sawa aka sake ɗagawa, duk daga ɓangaren dangin mijin, yau a ce gini bai ƙare ba gobe a ce ana jiran wansa ya dawo daga tafiya. Duk wanda ya san garinmu ya san abun da hakan ke yi ma yarinya, ko gidan suna ta shiga sai an bi ta da ido, wasu ma har tambaya suke da murmushi a baki. Ta rame, tuwo sai ta yi loma biyu ta tsame hannu, da dare kuma waya ce a hannunta har kiran assalatu.

Wani dare cikin zafin nan na bazara an ɗauke wuta, mun fito da tabarma tsakar gida, sai ta matso ta ce "Yaya in nuna maki wani abu amma dan Allah kar ki faɗa ma Inna." Bidiyo ne a TikTok. Wata baturiya ce, fuskarta ma ba a gani, hannuwa kawai cike da zobba, ga kyandir ga wasu duwatsu masu ƙyalli, ta kasa kati kashi uku a kan baƙin ƙyalle ta ce kowa ya rufe ido ya zaɓi kashi ɗaya. Ƙanwata ta zaɓi na tsakiya. Da matar ta buɗe sai ga hoton koren maciji ya naɗe jikin reshe, ta yi shiru kaɗan sannan ta ce wai akwai wani abu a ɓoye kusa da kai, wani da ke maka murmushi amma ba haka cikinsa yake ba.

"Yaya wallahi ni na san ko wace ce."

Ƙawarta take nufi, wadda suke tare tun firamare, wadda ko anko ɗaya ba ta taɓa yi ba tare da ita ba. Ashe sati uku kenan ta daina ɗaga wayarta. Na tambaye ta mi yarinyar ta yi mata, ta ce ba komai, amma ai gidansu na kusa da gidan su mijin kuma tana shiga can, wa ya san abun da take faɗa. Jikina ya yi sanyi, dan na ga ba wasa take ba, idonta ya cika da ƙwalla tana maganar.

Na san da Inna ce ta ji, abu ɗaya za ta yi, ta karɓe wayar ta yi salati ta ce duba ne, haramun ne, kuma gaskiyarta. Amma ni na san yarinyar nan, in aka karɓe wayar macijin na nan a zuciyarta. Sai na ce mata ta ba ni kwana biyu. Ni zane nake koyarwa a wata makarantar 'yan mata, aikina kenan kullum in tambayi yara wa ya zana wannan, mi ya sa ya sa wannan a nan, dan haka na ce bari in bi katin nan kamar yanda zan bi kowane zane.

Abun da na fara ganowa ya ba ni mamaki, wai ashe tarot asalinsa karta ce kawai ta wasa, kamar yanda samari ke buga wot a ƙofar gida. A arewacin Italiya aka fara ta wajen shekarun 1440, manyan gidajen sarauta irin na Milan ke sa a zana masu da ruwan zinare suna wasa. Kartar ma kanta daga ƙasar Musulmi ta shiga Turai, daga Masar zamanin Mamluk, kuma har yau akwai irin ta da aka adana a gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul, alamominta kofi ne da tsabar kuɗi da takobi da sandar ƙwallon doki. Da na ga sandar nan sai Katsina ta faɗo min, Sarki Dikko da ɗansa Sarki Usman Nagogo da filin folo, to su Turawan lokacin ba su san wasan ba sai suka mai da ita sanda kawai. Kusan shekara ɗari uku ana wasa da ita ba wanda ya ce tana faɗin gobe, sannan a 1781 wani mutumin Faransa, Antoine Court de Gébelin, ya rubuta cewa wai sirrin bokayen tsohuwar Masar ne a ɓoye cikin hotunan, ba tare da wata hujja ba, daga nan masu duba suka ɗauka. Kati 78 ne, 22 manya 56 ƙanana. Shi kuma wanda aka buɗe ma ƙanwata ba tarot ɗin ba ne ma, orakul suke ce masa, shi ba shi da adadi ba shi da ƙa'ida, kowa na iya zana nasa ya buga ya sayar tare da ɗan littafin fassarar da shi ya ga dama ya rubuta. Wani duk dabbobi ne, wani furanni, wani mala'iku.

Tarot ɗin da aka fi gani a bidiyoyin nan, mai rawaya da shuɗi, a Landan aka buga shi a 1909, wani mutum Arthur Waite ya tsara, wata mata Pamela Colman Smith ta zana. Ita matar ta shiga raina, ba zan ɓoye ba, hannunta na da kyau ƙwarai. Ta yi wani ɓangare na yarintarta a Jamaika, kuma a 1899 ta fitar da littafin tatsuniyoyin gizo-gizo irin na can, wanda bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka tafi da su, wato dai ɗan'uwan Gizonmu na Ƙoƙi. Kenan mace ce da ta san ana saka hali a jikin dabba dan a ba da labari, kamar yanda kakanninmu ke yi.

Na sauke hotunan na zauna da ƙanwata da daddare muna bi ɗaya bayan ɗaya, ba dan mu duba komai ba, na ce mata ta faɗa min abun da idonta na Bahaushiya ya gani kafin in karanta mata abun da su masu duba da katin suka ce.

Na farko saurayi ne da ɗan ƙunshi a sanda ya ɗaga kai sama yana tafiya bakin rami, ga ɗan farin kare na tsalle a ƙafarsa. Su a wurinsu karen nan amana ne, abokin da ke maka gargaɗi. Ita kuwa cewa ta yi "Yaya kare a jikin tufafinsa, ai sai ya wanke." Ka ji fa. Mu kare in ba wurin mafarauta ko Fulanin daji ba, wa ke rungumarsa, zagi ne ma in aka ce ma mutum kare. Duk da haka karen Ashabul Kahfi na nan a Alƙur'ani ya miƙe zira'insa a bakin kogo, kenan mu ɗin ma ba fuska ɗaya muke ba shi ba.

Sai katin wata. Wannan na daɗe ina kallonsa. Wata ne a sama da fuskar mutum ido a lumshe, ƙasa ga kare ga kyarkeci sun ɗaga kai suna haushi, hanya ta ratsa tsakaninsu ta wuce tsakanin hasumiya biyu ta ɓace cikin duwatsu, daga cikin kududdufi kuma wani ƙwaron ruwa mai ƙahonni na rarrafowa, irin wanda 'yan kudu ke busarwa su daka a miya. Su sun ce karen shi ne halinka da ya horu, kyarkecin shi ne wanda bai horu ba, ƙwaron kuma tsoron da ke can ƙasan zuciya. Mu kuwa wata ai farin ciki ne, farin wata sha kallo, shi muke leƙe mu ɗau azumi shi muke leƙe mu sha ruwa, a farin wata muka yi gaɗa muka yi tatsuniya. Wanda ya zauna ƙasar sanyi da dogon dare da hazo shi zai zana wata a matsayin ruɗu. Kyarkeci ma mu a ƙissar Annabi Yusuf muka fi saninsa, kuma can ma ƙarya aka yi masa, bai ci kowa ba. Da a Daura aka zana katin nan kura za a sa, ita ce tamu ta dare, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Akwai na farin doki guda biyu, ɗaya jariri ne a kansa ƙarƙashin rana, ɗaya ƙwarangwal ne cikin sulke. Ita dai ta ce kili ne kuma da an yi masa kwalliya da ya shiga hawan Magajiya. Akwai sarauniya da baƙar kyanwa a gabanta, akwai mace cikin lambun inabi da shaho an rufe masa kai, akwai kifi na leƙowa daga kofi. Ba mu tsaya kansu ba.

Wanda ya tsai da mu shi ne na mace da zaki. Mace ce cikin farar riga da furanni a kanta, ta sunkuya ta dafa bakin zaki da hannu biyu, ba makami ba sarƙa, shi kuma ya sa wutsiya tsakanin ƙafafu yana kallonta. Kafin in ce komai ta ce "Lah Yaya, wannan ai labarin Kaka ne." Kuma shi ne. Kakarmu Allah ya jiƙanta tana ba mu labarin matar da ta je wurin malam neman maganin mallakar miji, ya ce sai ta kawo gashin gemun zaki, ta riƙa kai ma zaki nama kullum tana ajewa daga nesa, yau nan gobe ta ƙara matsawa, har ranar da ya kwanta ya ɗora kai a cinyarta ta tsinko gashin, da ta kai ma malam ya ce ta je ta yi ma mijinta yanda ta yi ma zakin. Su ma haka suka fassara katin, haƙuri da taushi na rinjayar ƙarfi. Na ce mata to kin gani, inda suka yi daidai ma abun da Kaka ta riga ta faɗa mana ne kyauta a kan tabarmar nan, kuma Kaka ba ta taɓa cewa labarin zai gaya maki ranar aurenki ba.

Mujiya ce ta fi nuna min abun a fili. Cikin katunan orakul na dabbobi da wuya ka rasa ta, kuma kusan kullum hikima suke ce mata, sabida tsoffin Girkawa sun haɗa ta da abar bautarsu ta hikima har suna buga ta a jikin kuɗin birnin Atina. To a kawo katin mujiya gidanmu a ce ma Goggo albishirinki. Mu da in ta yi kuka a kan katanga tsofaffi ke tashi suna jifa suna a'uziyya, mu da in an tsani mutum ake cewa an mai da shi mujiya. Tsuntsuwa ɗaya ce fa, can malama nan 'yar saƙon mutuwa, ita kuwa baiwar Allah ɓera kawai ta fito nema.

Sannan na dawo da ita kan macijinta. Na nemo mata wasu bidiyoyi biyu da aka buɗe katin maciji, ɗaya ta ce waraka ce da sabuwar rayuwa tunda maciji na yin saɓa ya fito da sabuwar fata, shi ya sa ma yake naɗe jikin sanda a tambarin Hukumar Lafiya ta Duniya, ɗayar kuma ta ce sha'awa ce da jarrabawa kamar wanda aka zana a bishiya bayan mace a katin masoya. Fassara uku kati ɗaya. Na ce mata wacce za ki ɗauka, kuma wane macijin ma, kububuwa ce ko gamsheƙa ko kasa ko mesa, dan manomin da ke shiga gona da damina bai taɓa haɗa su a hali ɗaya ba. Ta yi shiru. Na ce ke baturiyar nan ba ta ce maki ƙawarki ba, ba ta san akwai wani gari Daura ba, mutum dubu nawa suka zaɓi kashin tsakiya a daren nan, ke ce kika ji maciji sai Hausarki ta kai ki ga macijin ƙaiƙayi, sari ka noƙe, sai zuciyarki da ke neman wanda za ta ɗora ma laifi ta ɗauko mafi kusa da ke.

Kuma abun da ya fi ƙona min rai, 'yar Daura ce fa za a zo daga wata uwa duniya a koya ma ma'anar maciji. Mu da rijiyar Kusugu ke cikin garinmu. Tun muna yara muka san macijin da ake ce ma Sarki, wanda ya hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa aka ce babu, ya ɗau guga da dare ya je ya sare masa kai, Magajiya Daurama ta aure shi. A labarinmu maciji ba wanda ke ɓoye yana murmushi ba ne, kowa ya san inda yake, kowa ya san sunansa, abun da ya tsare ruwa ne gari duk ya haƙura da ƙishi sabida tsoro. Na ce mata in dai sai kin nemi maciji a rayuwarki to ga shi nan, tsoron ki buɗe baki ki tambayi mutumin nan da iyayensa gaskiyar magana, kin zauna kina jiran Juma'ar da za su ga dama.

A nan ta yi min tambayar da na san za ta zo, dan yarinya ce mai karatu. Ta ce "To Yaya ai Annabi Yusuf ma ya fassara shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, kuma ana fassara mafarkin maciji da maƙiyi." Na ce ƙwarai, amma mafarki zuwa yake ba kai ka kira shi ba, kuma Annabi Yusuf Allah ne ya sanar da shi. Kati kuwa hannu ke cuɗa shi ya zaro, ya fi kama da kiban ƙuri'ar da Larabawan jahiliyya ke zarowa kafin tafiya ko aure, waɗanda aka ambata tare da giya da caca a Suratul Ma'ida aya ta 90. Su ma suna karanta dabbobi, mutum zai fita sai ya kori tsuntsu, in ya yi dama ya tafi in ya yi hagu ya koma gida, Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya ce babu wannan camfin, kuma cikin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito har da kalmar da malamai da yawa suka fassara da mujiya. Kenan jifan da tsofaffinmu ke mata ma ya shiga ciki, ba na Turawa kaɗai ba. Hadisin wanda ya je ma mai duba ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in kuwa ita ta ƙarasa min shi da bakinta, ta haddace tun islamiyya. Abun da ba ta taɓa kawowa ba shi ne wannan ma zuwa ne, tunda ba ta sa hijabi ta fita ba, ba ta ga farantin ƙasa ko wuri ba, ba ta biya ko sisi ba in ban da data. Kuma na tabbata ɗalibaina da yawa haka suke ɗauka, wasa ne kawai na zaɓi ɗaya cikin uku.

Ni ban ce a daina kallon dabba a ga hali ba, ai rabin Hausarmu kenan. Dila sarkin wayo, hankaka mai da ɗan wani naka, wanda ya ci zomo ya ci gudu, sarki ma zaki muke ce masa, toron giwa. Alƙur'ani da kansa ya ce mu dubi raƙumi yanda aka halicce shi, ga surori da sunan saniya da zuma da tururuwa da gizo-gizo da giwa. Amma duk wannan abun da ido ya gani ne aka daɗe ana lura da shi, ana faɗa ma mutum ne bayan an ga halinsa. Ba wanda ke zaro sunan dabba daga cikin jaka ido rufe sannan ya shiga gari neman wanda zai liƙa ma.

Ta yi kuka sosai daren nan, irin kukan da ba sauti. Ban hana ta ba.

Bayan kwana biyu da la'asar ta ce in raka ta. Muka sami ƙawar tata a tsakar gida tana gyaran zogale a tire, ashe duk kwanakin nan mahaifiyarta ce kwance ba lafiya, kiran da take ta yi so take ƙanwata ta zo ta taya ta kwana asibiti. Ta ɗago ta kalle ta ta ce "Ashe kina gari." Ƙanwata ta durƙusa gefenta ta ja tiren ta fara tsinke ganyen, ba wadda ta ƙara cewa komai, ni na shiga ɗaki gaida mai jiki.

Maganar auren, Baba ya tura ƙaninsa gidan su yaron a kan su faɗi magana ɗaya, sun ce a ba su zuwa bayan babbar sallah. Bidiyoyin kuma har yanzu suna faɗo mata in ta buɗe waya, sabida ta kalle su da yawa a baya, jiya ma ta kawo min in nuna mata inda ake dannawa a ce ba a so, muka danna ma guda shida kafin cajin ya ƙare.